Shin Ko Kun San? Idan Aka Cire wa Doki Takalmin Ƙarfe

Shin ko kun san cewa kofaton doki ba ya daina tsiro? Daga gindin gashin ƙafa yake fitowa, yana gangarowa da kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma abin da ya tsiro yau ba zai taɓa ƙasa ta gaban kofato ba sai bayan wata 9 zuwa 12. Ke nan wanda ya cire wa dokinsa takalmi yau, a kan tsohon kofato mai ramukan ƙusa dokin zai ci gaba da tafiya. Sabon yana hanya, sai wajen baɗi war haka.

Ƙusar da aka kafa daidai ba ta yi wa doki zafi, domin bangon kofato da farcen mutum abu ɗaya aka yi su da shi. Amma ramukan da ta bari suna raunana bakin kofaton. Shi ya sa a makonnin farko za a ga gefe yana ɓantarewa, mai doki ya tsorata, ya ruga neman mai sa takalmi. Sau da yawa ɓantarewar a iyakar ramukan take tsayawa, tsiro kuma yana turo su ƙasa har su ƙare.

Shin ko kun san kofato yana motsi? Idan nauyi ya sauka a kansa, dunduniyarsa tana ɗan buɗewa, idan ƙafa ta tashi ta koma. Ku ɗaga ƙafar doki ku duba ƙarƙashi, za ku ga wani tudu mai taushi kamar roba, mai siffar harafin V. Shi ke rage ƙarfin dukan ƙasa, yana kuma taimaka wa gudun jini a ƙafa. Takalmi yakan ɗaga shi daga ƙasa, a wasu dawakin har ya tsuke don rashin aiki. Idan ya koma taka ƙasa, a hankali yake faɗi yana kauri.

A hankali ɗin nan shi ne inda mutane ke gazawa. Dokin da ya shekara da takalmi, ranar da aka cire masa, sai ka ga yana taƙaita taku, yana bin gefen hanya inda yashi yake, yana ƙin tsakuwa, yana ajiye ƙafa kamar mai tsoron ƙasa. Wannan taka-tsantsan a wuri mai tauri an san da shi. Amma dokin da ke ɗingishi a kan ƙasa mai laushi, ko kofatonsa ya ɗau zafi idan ka dafa, ko ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina nauyi baya, ba sabo yake yi ba, ciwo ke cin sa. A kira likitan dabbobi a ranar. Ba na ganin uzurin wanda zai bar dabba tana wahala da sunan wai kofato na yin ƙwari.

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafun gaba yake. Don haka masu lura sukan fara cire na baya, su jira, sannan su taɓa na gaba. Sukan kuma zaɓi lokacin da aiki ya yi sauƙi kuma ƙasa ba ta bushe ƙayau ba. Ranar cirewa ba a fafe tafin kofato, kaurinsa ake bukata. Magagari kawai ake sa wa baki a zagaye shi. Daga nan gyara duk mako 4 zuwa 6, wato aikin ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Akwai takalmin da ake sawa a cire, na roba, wanda ake zura wa doki lokacin hawa kaɗai. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Neel Glass, shi ya fito da samfurin Easyboot a 1970 saboda dokinsa mai ciwon ƙafa.

Shin ko kun san maganar ƙarfafa kofato ba tare da takalmi ba ta tsufa ƙwarai? Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Xenophon na ƙasar Girka ya ba da shawarar a shimfiɗa duwatsu a inda doki ke tsayawa don kofatonsa ya yi ƙwari. Takalmin ƙusa bai yaɗu a Turai ba sai wajen shekara ta 1000, kuma a 1835 Henry Burden ya yi rajistar injin da ke buga takalmin doki a Amurka. Daga baya wani mai sa wa dawaki takalmi, Jaime Jackson, ya bi dawakin daji na yammacin Amurka a shekarun 1980 yana auna kofatansu, ya wallafa abin da ya gani a 1992. Su dai waɗannan yini suke suna tafiya a busasshiyar ƙasa, tafiyar ce ke yi musu gyara.

A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ƙasar Suwidin ta ci zinare a tsallaken dawaki na ƙungiya, biyu daga cikin dawakinta uku, All In da King Edward, ba takalmi a ƙafarsu. Sai dai a tuna, a kan yashin da aka gyara musamman suka yi tsallen.

Mu a nan, yawancin dawakin gargajiya da ake hawan sallah da su ba su san takalmin ƙarfe ba, ƙasarmu mai yashi ta ɗauke musu. Abin da ke cin kofatonsu daban ne. Tsayuwa a turke cikin fitsari da danshin damina tana ruɓar da ƙarƙashin kofato, za ka ji ɗoyi, ka ga baƙin ruwa a cikin tsagin. Ɗura wa doki dawa ko gero fiye da kima a lokaci ɗaya na iya kumbura naman da ke riƙe da kofato daga ciki, ciwon da kan nakasa doki. Sannan ga kwalta, mai cinye kofato fiye da yadda yake tsiro idan kilisa a kanta ta yi yawa. Dokin da aikinsa kullum a kan titi yake, ko mai siririn tafin kofato, yana iya bukatar kariya har iyakar rayuwarsa, ta roba ko ta ƙarfe.