Matan Hillsboro da Suka Kai Addu'a Ƙofar Mashaya

Ranar 23 ga Disamba, 1873, wani mai yawon lacca da ake kira Dio Lewis ya yi jawabi a Hillsboro, wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka. Ya ba da labarin yadda mahaifiyarsa da ƙawayenta suka taɓa matsa wa wani mai sayar da giya da addu'a har ya rufe shagonsa. Washegari da safe matan garin suka hallara a majami'ar Presbyterian, suka zaɓi Eliza Jane Thompson, 'yar tsohon gwamnan jihar kuma matar alƙali, ta ja musu gaba. Aka karanta Zabura ta 146, sannan mata wajen saba'in suka fito bibbiyu cikin sanyin hunturu, suka nufi kantunan magani da otal-otal da gidajen giya.

Ba su fasa kwalba ba, ba su zagi kowa ba. Sai su shiga, su roƙi mai shago ya sa hannu a takardar alkawarin daina sayar da barasa. In ya ƙi, su durƙusa nan take su kama addu'a da waƙar yabo. In ya kore su, su ci gaba a ƙofarsa a kan ƙanƙara. Makaminsu kunya ce. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, to wane magidanci ne zai tsallake matar fastonsa ko uwar abokinsa tana durƙushe don ya kai ga kwalba?

Dalilin da ya sa mata ne suka ɗauki wannan kaya a fili yake. A wancan zamani mace a Ohio ba ta da ƙuri'a, a jihohi da dama kuma miji ne ke da iko da abin da matarsa ta samu da guminta. Rabuwar aure tana da wuya. In maigida ya shanye albashinsa ranar biya, ita ce za ta kwana da yara da yunwa, wani lokaci har da duka. Majami'a ce kusan kaɗai wurin da mata ke taruwa ba wanda zai ɗaga musu gira.

Cikin 'yan watanni abin ya bazu zuwa ɗaruruwan garuruwa. Ba ko'ina aka yi musu maraba ba: a Hillsboro ɗin ma wani mai kantin magani ya maka su a kotu, a Cincinnati kuwa 'yan sanda sun kama wasunsu a 1874 bisa zargin tare hanya. Mashayu da yawa sun rufe, amma da ƙura ta lafa akasarinsu suka sake buɗewa.

A ganina, ribar tafiyar ba a ƙofar mashaya take ba, tana cikin taron da ya biyo baya. A Nuwamban 1874 aka kafa ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shan giya, WCTU, a birnin Cleveland, rassanta suka cika ƙananan garuruwa. Wanda ya taɓa ganin taron Zumuntar Mata a majami'un Arewa zai gane tsarin: a buɗe da addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, sakatariya ta karanta bayanan zaman da ya wuce, ma'aji ta faɗi abin da ke cikin asusu, a raba aiki. Wasu su je kurkuku ziyara, wasu su koyar da yara, wasu su bi gida gida neman sa hannu a takardar koke. Alamarsu ɗan farin ƙyalle ne da ake maƙalawa a riga. Matar da ba ta taɓa buɗe baki a bainar jama'a ba, a nan ta koyi kawo shawara, da ƙirga hannaye, da rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa.

Frances Willard, wadda ta karɓi shugabancin ƙungiyar a 1879 ta riƙe har rasuwarta a 1898, ta gane wannan sarai. Ta shawo kan matan majami'a, waɗanda da farko ke ƙyamar siyasa, cewa ƙuri'a hanya ce ta kare gida. Tana da nata tabon: 'yar jaridar nan baƙar fata Ida B. Wells ta yi mata kaca-kaca kan kalaman da ta yi a kan baƙaƙen jihohin kudancin ƙasar, kuma Wells ce ke da gaskiya.

A ƙasar New Zealand, Kate Sheppard ta reshen WCTU ce ta jagoranci koken da ya ba mata ƙuri'a a 1893. A Amurka, dokar haramta giya ta fara aiki a Janairun 1920, a watan Agustan shekarar kuma tsarin mulki ya ba mata ikon zaɓe. Dokar giyar ba ta yi ƙarko ba. Fasa-ƙwauri ya yi mata illa, aka soke ta a 1933.