"Yaron ga jirgin yaƙi za shi tuƙa": abin da na samo wa yayata game da MiG-21

Da ranin nan na je Kwargaba duba yayata, lokacin ana tsakiyar cirar albasa. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar sai ƙarar jirgi ta keto, kafin in ɗaga kai ya wuce. Kaji suka watse, ƙananan yara suka ruga ɗaki. A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, tun da lamarin 'yan bindiga ya yi ƙamari, babu uwar da ba ta san wannan ƙara ba. Amma babban ɗan yayata, mai shekara 17, ko motsi bai yi ba, ya tsaya yana bin sama da ido. Uwarsa, wadda har yau ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne, ta nuna shi da baki ta ce, "Kin gan shi nan. Yaron ga ya ce jirgin yaƙi za shi tuƙa. Ke da kike aikin asibiti, gaya mini, mutum na shiga abin nan ya fito da rai?"

Shi kuwa ya matso da wayarsa ya ce, "Inna, dubi wanda nake so." Hoton wani siririn jirgi ne kamar kibiya, gabansa buɗe kamar bakin bututu da tsini a tsakiya. F-7 ne na sojojin samanmu. Jirage irin su Alpha Jet da ake aikawa nan arewa maso yamma ba su kai saurin sauti ba, shi wannan ya ninka shi. Na ce su ba ni lokaci. Ga abin da na tattaro, na kuma ga ya dace in raba da ku, don na san ba yayata kaɗai ke da irin wannan yaro ba.

F-7 ɗin nan ƙirar ƙasar Sin ce, amma asalinsa MiG-21 ne na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara aiki a 1959. Sunan ya fito daga injiniyoyi biyu, Mikoyan da Gurevich. Lokacin shekara 12 kacal ke nan da wani Ba'amurke, Chuck Yeager, ya fara wuce saurin sauti a 1947, wato kimanin kilomita 1,200 a awa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kowace ƙasa gudu take nema. Aikin da aka ƙera MiG-21 dominsa guda ne: ya tashi da sauri, ya hau sama can, ya harbo jirgin abokan gaba mai ɗauke da bam, ya dawo. An ƙera fiye da 10,000. Nijeriya ta sayi kusan 30 wajen 1975, suka yi zamaninsu a Makurɗi har aka ajiye su. A 2005 aka ƙulla cinikin F-7 guda 15 daga Sin.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba lokacin da yake tsala gudu ya fi kashe matuƙansa ba. Lokacin da ya rage gudu ne. Don ya keta iska, an yi masa ƙananan fukafukai masu siffar alwatika, kamar an yanka samosa. Irin wannan fiffike ba ya ɗaukar jirgi sai da gudu. Saboda haka ko sauka zai yi, sai ya taɓa ƙasa yana kusan kilomita 300 a awa, ninki uku na direban da muke yi wa faɗa a hanyar Sakkwato zuwa Wurno, har sai an saki wata lema ta baya ta taimaki birki. Yana gangarowa hancinsa a ɗage, matuƙi ba ya ganin gabansa sosai. Idan gudun ya ragu fiye da kima, sai jirgin ya fara nutsewa, kuma injin ba ya amsa kira nan take, yakan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya kawo ƙarfi. Mai nisan bene biyu da ƙasa ba shi da waɗannan daƙiƙoƙi.

Ga shi inji ɗaya ne tak. Ungulu ko shirwa ta faɗa cikin bakin nan na gaba, shi ke nan. Tankin mansa ƙarami ne, matuƙi na aiki ido ɗaya na kan ma'aunin mai. A samfuran farko ma, yayin da man ke ƙonewa nauyin jirgin yakan koma baya, ya ƙara wuyar riƙewa daidai lokacin da mutum ya gaji yana neman gida. Ba na Sobiyet kaɗai ke da wannan hali ba. Jamus ta Yamma ta sayi F-104 na Amurka guda 916, kusan 290 suka faɗi, matuƙa fiye da 100 suka rasu, har Jamusawa suka yi masa laƙabi da mai sa mata takaba.

Ɓangaren da ya fi shafar aikina shi ne jikin wanda ke ciki. Kun san yadda mai jego kan miƙe farat ɗaya daga gado ta ga duhu-duhu, mu ce mata ta zauna tukuna? Jini ne ya sauka ƙafafu ya bar ƙwaƙwalwa. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana mai tsanani, nauyin jikin matuƙi kan ninka sau biyar ko fiye, zuciya ta kasa tura jini sama. Gani ke fara dusashewa, sannan suma. Shi ya sa suke sa wani wando mai hura iska da ke matse cinya da ciki, ana kuma koya musu yunƙuri, kusan irin wanda muke koya wa mai naƙuda. Suman daƙiƙa goma a ɗakin haihuwa mukan yayyafa ruwa mu ɗaga ƙafa. A jirgin da ke cin kilomita guda cikin daƙiƙa uku, babu mai ɗaga maka ƙafa.

Akwai kuma ruɗin kunne. Can cikin kunnenmu akwai wani sashe da ke gaya mana ko a tsaye muke ko a karkace. Idan jirgi ya fizga da ƙarfi cikin duhun dare, wannan sashe kan yi wa mutum ƙarya, ya ji kamar yana hawa sama da yawa, sai ya danna hancin jirgin ƙasa alhali daidai yake tafiya. Maganinsa ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogunan da ke gabansa. To, idan agogon ne ya lalace fa?

A kan wannan tambaya wata uwa a Indiya ta tsaya. Mu masu kallon fim ɗin Indiya, da yawa mun ga Rang De Basanti na Aamir Khan, na 2006, inda matuƙin MiG-21 ya mutu aka ɗora masa laifi. Akwai labarin gaske a bayansa. A watan Satumba na 2001, wani matashin hafsa, Abhijit Gadgil, ya tashi da dare daga sansanin Suratgarh a jihar Rajasthan, bai cika minti ɗaya a sama ba jirgin ya faɗi. Hukuma ta ce kuskurensa ne. Mahaifiyarsa, Kavita Gadgil, ta ce ba ta yarda ba, a duba lafiyar jiragen. Wani babban hafsa ya rubuto mata wasiƙa mai zafi yana kushe ƙwarewar ɗanta. Ba ta yi shiru ba. Ta yi ta rubuce-rubuce, ta haɗa kai da sauran iyalan da suka yi rashi, har ta gana da shugaban ƙasa Abdul Kalam a 2003. A shekarar ne ministan tsaro George Fernandes ya shiga MiG-21 da kansa don ya nuna wa jama'a lafiya lau yake. A 2005 shugaban sojojin sama ya ba ta haƙuri a rubuce kan waccan wasiƙa.

Indiya ta fara amfani da jirgin a 1963, ta yi asarar ɗaruruwa, har jaridu suka riƙa kiransa akwatin gawa mai tashi. Cikin dalilan da masana suka daɗe suna faɗa akwai wannan: ana ɗauko yaro daga ƙaramin jirgin koyo mai sauƙin hali, a ɗora shi kai tsaye kan MiG-21, babu matakala a tsakani. Sai a 2004 aka sa hannu kan sayen jirgin horo na Hawk daga Ingila. A watan Satumba na 2025 suka yi wa MiG-21 ritaya gaba ɗaya. A ganina, jirgin da ba ya yafe kuskure kaɗan, ba adalci ba ne a rufe bincike da cewa matuƙi ya yi kuskure.

Mu ma mun ɗanɗana. Ranar 28 ga Satumba, 2018, jiragen F-7 biyu suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai, suka faɗi wajen dutsen Katampe. Matuƙan sun yi tsalle da kujerar ceto, amma ɗaya daga cikinsu, Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah Ya jiƙansa. A Yulin 2023 wani ya faɗi a Makurɗi, matuƙa biyun suka tsira.

Kujerar ceton nan ita ma ba wasa ba ce, kuma wannan ya shafe mu ko da babu ɗanmu a soja. Wani abu mai fashewa ne ke cilla ta sama da mutum a kai, ƙarfinsa kan murƙushe ƙashin baya. Idan Allah Ya ƙaddara matuƙi ya sauko da lema a gonarku, kamar yadda ya faru a Zamfara a Yulin 2021, kuma kuka same shi kwance, kada a zaunar da shi, kada a naɗe shi a kan babur. A riƙe kansa daidai da jikinsa, a nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su ɗaga shi lokaci guda. Sannan ku hana yara zuwa wurin tarkacen. Na san halin yaranmu da ƙarfe, kowa na tunanin 'yan gwangwan, amma a cikin tarkacen jirgin yaƙi akwai mai, akwai harsashi, akwai abin da bai riga ya fashe ba.

Na kira yayata na karanta mata duk wannan. Na kuma gaya mata cewa hanyar doguwa ce: sai ya ci jarrabawar makarantar horon hafsoshi ta NDA a Kaduna, ya wuce gwajin ido da zuciya da kunne, ya fara da ƙaramin jirgi a Kaduna, sannan jirgin horo mai injin jet a Kano, kafin a bar shi ya taɓa irin wanda ke cikin wayarsa. Wataƙila ma kafin ya kai, sababbi irin JF-17 da aka kawo daga Pakistan a 2021 sun maye gurbin F-7.

Ta yi shiru, ina jin kukan awaki ta wayar. Can ta ce, "Matar nan ta Indiya, ɗa nawa gare ta?" Kafin in amsa sai na ji muryarsa daga nesa yana tambaya ko lissafi da kimiyyar fiziks kaɗai ake nema, ko har da Turanci.