3.4 Dafa Giya a Gida da Maɗin Tsiro na Gwangwani

A wannan sashe za a yi bayanin yadda masu dafa giya a gida a Ingila da Amurka suke fara wannan aiki, domin a kwatanta shi da dahuwar burukutu. A Ingila an soke sharaɗin mallakar lasisi ga mai dafa giyar da zai sha a gidansa a shekarar 1963. A Amurka kuwa, shugaba Jimmy Carter ne ya sa hannu a kan dokar da ta halatta hakan a 1978. Wannan sassauci ya buɗe kasuwar maɗin tsiro na gwangwani, wanda da shi yawancin sababbin shiga suke farawa.

Aiki mafi wuya a dahuwar giya shi ne fitar da sukari daga hatsi. Ana jiƙa sha'ir ya tsira, a busar da shi, a ɓarza, sannan a jiƙa shi cikin ruwa mai zafin kimanin digiri 65 a ma'aunin Salshiyos, har sitacin da ke cikinsa ya juye ya zama sukari. Masana'anta ce take yin duk wannan. Tana tafasa ruwan tare da wani fure mai ɗaci da ake kira hof, ta ƙafe shi ya yi kauri kamar maɗi, ta zuba a gwangwani. Saboda haka, abin da ya rage wa mai saye shi ne tsima kawai.

Gwangwani mai nauyin kilo 1.7 yakan ba da lita 23. Ana narkar da maɗin da ruwan zafi a cikin bokiti mai murfi, a ƙara kilo 1 na sukari, a cika da ruwan sanyi, sannan a barbaɗa yis. Yis ɗin yana cin sukarin, yana fitar da barasa da iskar kabon. A kan murfin akan kafa wani ɗan bututu mai ruwa, wanda yake barin iskar ta fita ba tare da ta waje ta shiga ba. Tsimar takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Abubuwa uku ne suke janyo asara a wannan mataki. Na farko shi ne ƙazanta, domin ruwan zaƙi abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Muddin ba a wanke bokiti da cokali da kwalabe da maganin kashe ƙwayoyi ba, duk lita 23 ɗin za su yi tsami. Na biyu shi ne zafi. Wannan yis ya fi aiki tsakanin digiri 18 zuwa 24, in kuwa zafi ya zarce haka sosai, giyar takan fito da wari mai kaifi. Na uku shi ne gaggawa. Idan aka ɗura a kwalba tun sukari bai ƙare ba, iska za ta ci gaba da taruwa har kwalbar ta fashe. Don haka ake auna kaurin ruwan kwana biyu a jere, sai an ga bai sauya ba kafin a ɗura. Akan sa ɗan sukari kaɗan a kowace kwalba don ta yi kumfa, a ajiye kamar mako biyu.

A nan ne bambanci da burukutu ya fito fili. Mai burukutu ita take yin komai tun daga tsiron dawa, kuma tsamin da bakteriya suke kawowa wani ɓangare ne na ɗanɗanon da ake nema. Ana shan burukutu tana kan tsima, kuma ba ta jure ajiya fiye da 'yan kwanaki. Mai gwangwani kuwa an ɗauke masa wahalar tsiro, amma tun da giyarsa ta ajiya ce, dole ya kula da tsabta da yanayin zafi fiye da mai burukutu.