Agogon Alfarma da Abin da Ke Sa Masa Daraja

Agogon alfarma shi ne agogon hannu wanda kuɗinsa ya zarce amfanin da ake samu gare shi na sanin lokaci nesa ba kusa ba, kuma masu saye da tara irinsa sun san da haka tun kafin su zura hannu aljihu. A Argungu da Birnin Kebbi, kamar sauran garuruwan Arewa, kiran salla ne ke yanka wa jama'a yini gida-gida, wayar da ke aljihun ɗan acaɓa kuma ta fi kowane agogon Suwizalan faɗin lokaci daidai, amma duk da haka agogo bai bar wuyan hannun attajiri da basarake da ɗan siyasa ba, domin duk wanda ya lura da rumfar manyan baƙi a wurin ɗaurin aure, ko ranar hawan salla, ko a bakin kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, zai ga yadda yake leƙowa daga ƙarƙashin hannun babbar riga. Abin da ya kamata a fahimta shi ne mene ne ainihin abin da ake biyan waɗannan kuɗaɗe dominsa, tunda ba lokaci ba ne.

Agoguna iri biyu ne idan aka dubi abin da ke tafiyar da su. Na farko shi ne mai batir, wanda a cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kama da gilashi da ake kira kwaz, wanda idan wutar batir ta ratsa shi yakan yi karkarwa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya, kuma da wannan karkarwa ake ƙidaya lokaci. Na biyu shi ne mai inji, wanda ba ya buƙatar batir ko kaɗan, domin ƙarfinsa yana fitowa ne daga wani siririn ƙarfe da aka nannaɗe, wanda ake ɗaurewa ta hanyar murɗa ɗan maɓallin da ke gefen agogon, ko kuma ya ɗaure kansa da motsin hannun mai sanye da shi, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu a hankali yana juya wasu ƙananan fayafayai masu haƙora har ƙarfin ya kai ga hannayen da ke nuna awa da minti. Agogon batir na 'yan dubban nairori ba ya kuskuren da ya wuce kimanin sakan 15 a wata, alhali hukumar COSC, wadda ke gwada agogunan inji a Suwizalan, tana ba agogo shaidar inganci matuƙar bai yi jinkirin da ya wuce sakan 4 ko gaggawar da ta wuce sakan 6 a rana ɗaya ba. Ke nan mai arhar ya fi mai tsadar gaskiya, kuma kusan duk agogunan da masu tarawa ke rububi a kansu masu inji ne.

Dalilin wannan abu mai kama da almara yana cikin tarihin sana'ar. A ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai kwaz da aka kai kasuwa, kuma cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi har ya shiga hannun kowa. Masana'antun Suwizalan, waɗanda ke da ma'aikata wajen 90,000 a 1970, sun wayi gari a tsakiyar shekarun 1980 da kimanin kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, kamfanoni da dama kuma suka rufe. Waɗanda suka tsira sun daina gasar faɗin lokaci daidai, suka koma tallar aikin hannu da daɗewar suna da ƙarancin kaya. A wannan zamani ne kuma agogunan Seiko da Citizen da Orient da Rado, daga baya kuma Casio, suka cika ƙasar Hausa, da yawansu a matsayin tsarabar alhazai daga kasuwannin Makka da Jidda, ta yadda a gidaje da dama na ƙasar Kabi agogon farko da ya shiga gidan ya zo ne tare da dabino da zamzam. Seiko 5, wanda aka fara yi a 1963, da Rado DiaStar na 1962 mai jikin da ba ya karcewa, ba su kai sahun alfarma na ƙoli ba, amma tsofaffinsu suna da masu nemansu a yau, kuma mai yiwuwa akwai irinsu da yawa kwance cikin adakar magada ba tare da an san darajarsu ba.

Sunan da ya fi kowane shahara shi ne Rolex, kamfanin da Hans Wilsdorf ya assasa a Landan a 1905 kafin ya mayar da shi Jeniba bayan Yaƙin Duniya na Farko. A 1926 ya fito da Oyster, agogon da aka rufe jikinsa ruf yadda ruwa da ƙura ba sa shiga, a shekarar da ta biyo baya kuma wata mai ninƙaya, Mercedes Gleitze, ta yi fiye da awa 10 da shi a mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka fito da shi yana aiki. Daga nan aka sami Datejust mai nuna kwanan wata a 1945, da Submariner na masu nutso a 1953, da Day-Date mai rubuta sunan rana a 1956, da Daytona na masu tseren mota a 1963. Ana ƙiyasta cewa kamfanin yana ƙera wajen agogo miliyan ɗaya a shekara, adadin da ba za a kira shi kaɗan ba, amma masu nema sun fi haka yawa, shi ya sa mutum kan rubuta sunansa wurin dillali ya jira watanni ko shekaru kafin a kira shi.

Sai dai a wurin waɗanda suka yi nisa a harkar, Rolex ƙofar shiga ce kawai. Kamfanoni uku suke ɗorawa a sama: Vacheron Constantin da aka kafa a 1755, da Patek Philippe na 1839, da Audemars Piguet na 1875. Abin da ya ɗaukaka su shi ne ƙarin ayyukan da suke cusawa cikin injin da bai wuce faɗin kwabo ba. Akwai kalandar dindindin, wadda ta san watan da ke da kwana 30 da mai 31, ta kuma san shekarar da Fabrairu ke yin 29, ba ta buƙatar gyara sai a shekarar 2100. Akwai mai ƙararrawa, wanda idan aka ja wani ɗan maɓalli zai buga adadin awoyi da mintoci da sauti, abin da aka ƙirƙiro tun kafin zuwan lantarki domin a san lokaci cikin duhu. Akwai tubiyon, wani ɗan keji mai juyawa da Abraham-Louis Breguet ya yi wa rajista a 1801 domin rage tasirin nauyin ƙasa a kan agogon aljihu, wanda a agogon hannu amfaninsa kaɗan ne, an dai bar shi ne domin nuna gwaninta. Akwai kuma mai nuna matakin wata a sama, daga jinjiri zuwa cikarsa, bisa lissafin kwana 29 da rabi, wanda ya fi sauran ma'ana ga al'ummar da azuminta da sallolinta ke rataye da wata, ko da yake babu injin da ke maye gurbin gani da ido da sanarwar Sarkin Musulmi. Kamfanin Parmigiani Fleurier ma ya ƙera agogon hannu mai kalandar dindindin ta Hijira, wanda ya sami lambar yabo a gasar agoguna ta Jeniba a 2020.

Da yawan mutane sun ɗauka cewa zinariya da lu'ulu'u ne ke sa agogo tsada, amma sakamakon manyan kasuwannin gwanjo na duniya, inda ake sayar da kaya ga wanda ya fi taya, ya ƙaryata haka. A 1972 Audemars Piguet ya fito da Royal Oak, wanda Gérald Genta ya zana, agogon ƙarfe marar tsatsa da aka sa wa farashin da ya fi na agogunan zinariya da yawa na lokacin, a 1976 kuma Patek Philippe ya biyo baya da Nautilus daga hannun wannan mai zane. A 2016 an sayar da wani Patek na ƙarfe mai lamba 1518 a kan kuɗin Suwizalan faran miliyan 11, saboda guda huɗu kacal aka sani na ƙarfe daga cikin irinsa, a 2019 kuma Grandmaster Chime na Patek, shi ma na ƙarfe kuma shi kaɗai ne irinsa, ya kai faran miliyan 31. Wannan al'amari ya zo wa Musulmin ƙasar Kabi da Gwandu daidai, domin shari'a ta haramta wa namiji ado da zinariya, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi a yankin ko azurfa ba a sake masa ita ba sai a wurare ƙididdigaggu irin su zobe da adon takobi da na Alƙur'ani. Farar zinariya, wadda wasu ke ruɗuwa da launinta, zinariya ce da aka gauraya da wasu ƙarafa, saboda haka hukuncinta bai canja ba. Day-Date, alal misali, da zinariya ko filatinam kaɗai ake yin sa, shi ya sa masu kiyayewa kan nemi na filatinam, wanda malamai da dama na wannan zamani suka halatta tunda shi ba zinariya ba ne ba kuma azurfa ba.

Bayan aikin hannu da ƙarancin kaya, abu na uku da ke ɗaga farashi shi ne asali, wato sanin hannun da agogo ya bi kafin ya iso kasuwa. Daytona na ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman, wanda matarsa ta ba shi, an sayar da shi a 2017 a kan dala miliyan 17.8, alhali ɗan'uwansa da suka fito masana'anta tare bai kai ko kusa da haka ba. Omega Speedmaster yana cin albarkacin cewa shi Buzz Aldrin ya ɗaura lokacin da ya taka duniyar wata a 1969, kamar yadda agogunan Rolex masu tambarin wuƙar Oman a fuska, waɗanda Sarki Qaboos ya sa aka yi masa a shekarun 1970 domin kyauta ga baƙi da hadimai, suka fi takwarorinsu marasa tambarin tsada sosai. Mutumin Argungu ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin takubba da masu da tambura da ke gidan tarihi na Kanta, wanda aka gina a 1831 kuma ya zama fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, ƙarfensu da fatarsu ba su fi na kasuwa ba, darajarsu tana ga waɗanda suka riƙe su da yaƙe-yaƙen da suka gani. Saboda wannan dalili masu tarawa suke ɗaukar kwalin agogo da takardunsa da rasit ɗinsa da muhimmanci ƙwarai, kuma suna ƙin tsohon agogon da aka goge har ya yi ƙyalli ko aka canja masa fuska, abin da mai gyara na bakin kasuwa kan yi da kyakkyawar niyya ya zubar da rabin kuɗin kayan.

Jabu kuwa ya cika kasuwa, kuma ya wuce matakin da ake gane shi da rashin nauyi ko da tsalle-tsallen hannun sakan, domin akwai na bogin da sai an buɗe bayansa an duba injin da madubin ƙara girma kafin a tabbatar. Dillalan da kamfanonin suka amince da su suna manyan birane irin su Legas da Dubai, saboda haka duk wanda aka kawo wa Rolex sabo fil a kan kuɗin babur ya riga ya san amsar tambayarsa. Zancen cewa agogo jari ne da ba ya faɗuwa shi ma yana buƙatar taka-tsantsan, domin farashin Nautilus da Royal Oak da Daytona a kasuwar na-hannu ya yi tashin gwauron zabo har zuwa farkon 2022, daga nan ya gangaro ƙwarai, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara, mafi yawan agogunan sauran kamfanoni kuma darajarsu tana raguwa ne tun ranar da aka fita da su daga shago.

Yanayin kwarin Rima yana da nasa sharuɗɗan. Zafin bazara da ke haura maki 40 yana busar da man da ke cikin inji, yana kuma taurara robar da ke hana ruwa shiga, ƙurar hunturu tana bin duk wata kafa da ta samu, gumi da ruwan alwala sau biyar a rana kuma suna cinye maɗaurin fata cikin ɗan lokaci, shi ya sa mai sarƙar ƙarfe ya fi dacewa da yankin. Maganaɗisun da ke cikin lasifika da murfin waya yana sa agogon inji gudu fiye da kima. Ana kuma buƙatar a kwance injin a wanke a sake masa mai duk bayan shekara 5 zuwa 10, aikin da masu gyaran agogo na kasuwannin Birnin Kebbi da Sakkwato da Kano suka iya a kan Seiko da Orient, amma manyan kamfanonin Suwizalan sun taƙaita sayar da kayan gyaransu ga waɗanda suka ba izini kaɗai, don haka sai an aika da agogon waje, a biya da kuɗin waje.

Akwai kuma batun zakka, wanda niyyar mai saye ke yanke hukuncinsa. A fiƙihun Malikiyya, agogon ƙarfe da mutum ya saya domin ya riƙa ɗaurawa yana cikin kayan amfanin kai, babu zakka a kansa komai tsadarsa. Wanda ya saya da niyyar kasuwanci ya ajiye yana jiran farashi ya hau, hukuncinsa na mai ajiyar kaya ne, wato zai fitar da zakkar shekara ɗaya a lokacin da ya sayar, idan kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta kewayo, shi kuwa dillalin da ke saye da sayarwa kullum zai yi wa kayan shagonsa kima duk shekara ya fitar. Agogon zinariya a hannun namiji ba ya samun rangwamen da aka yi wa kayan adon mata, domin adon da aka haramta ana auna zinariyar da ke jikinsa a haɗa ta da sauran dukiyar mai shi a lissafin zakka.