Aikin Ofis Daga Gida: Hakkin Aiki da Hakkin Iyali

Aiki daga gida shi ne ma'aikaci ya gudanar da aikin ofishinsa yana zaune a gidansa, ta hanyar waya da kwamfuta da intanet. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su riƙa aiki daga gida. A Disamba 2021 kuma Jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Ma'aikacin da ke kwana a Nyanya ko Kubwa yana aiki a tsakiyar Abuja yakan huta da cunkoson motoci da kuɗin mota, ya kuma sami damar ganin tashin 'ya'yansa da kwanciyarsu. Amma fa akwai haɗari. Idan ba a shata iyaka ba, sai aiki ya bi mutum har tsakar dare, ko kuwa hidimar gida ta cinye lokacin da ake biyansa albashi dominsa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya yi aikin sa'a 6 ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza sa'a ɗaya ba, da kuma hutun yini guda a cikin kowane kwana 7. Mace mai shayarwa tana da rabin sa'a sau biyu a yini domin jaririnta. Har wa yau, a 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin gwamnati da matarsa ta haihu. Manufar duk wannan ita ce kada neman abinci ya raba mutum da waɗanda yake nema dominsu.

Abin da ya Kamata a Kiyaye

1. Ma'aikaci da shugabansa su daidaita a rubuce kan lokacin farawa da na tashi, kowa kuma ya tsaya a kansa.

2. A keɓe ɗaki ko kusurwa domin aiki, a adana takardun ofis inda yara da baƙi ba za su kai gare su ba.

3. Mutanen gida su gane cewa wanda ke aiki a ɗaki ba zaman banza yake yi ba. Matar da ke aiki daga gida kuwa, kada a ɗora mata hidimar gidan duka ita kaɗai.

4. Shugaba ya auna ma'aikaci da aikin da ya kammala, ya kuma guji kiransa bayan lokacin tashi sai da larura.

Albashi amana ne, iyali ma amana ne. Ma'aikaci nagari shi ne wanda ya ba kowannensu lokacinsa.