Daga Kano zuwa Jidda: awa biyar a sama, awa bakwai a agogo

Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan kusan kilomita 3,400 idan aka miƙe ta sama. Kakanninmu a ƙasa suka riƙa keta shi, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wasu su shekara da shekaru a hanya, wasu su yada zango a Sudan, zuriyarsu na can har yau. Jirgi kuwa yakan cinye wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, sai dai rufe sararin samaniyar Sudan da aka yi bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 ya tilasta wa jirage yin zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo.

Abin da maniyyata da yawa ba sa lissafawa shi ne gabas suka nufa, kuma Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu. Wanda jirginsa ya tashi ƙarfe 12 na rana, kafin zawali, ya yi awa biyar a sama, agogon hannunsa zai nuna masa 5 na yamma alhali a Jidda ƙarfe 7 ne. Ko a tsakiyar bazara rana na gab da faɗuwa a lokacin, a hunturu kuwa ta daɗe da faɗuwa. Ke nan Azahar da La'asar duk a sama suka same shi. Mai cewa "sai mun sauka" ya jefa salla biyu cikin haɗari, domin kafin ya fito daga layin jami'an shige da fice Magariba ta yi. Hukunci na bin ranar da ke saman matafiyi ne, ba agogon garin da ya baro ba. Sai ya hau da alwala, ya yi sallarsa a cikin jirgi gwargwadon iko. Ƙasaru kuma na nan daram; a mazhabar Malikiyya nisan burudi huɗu ake dubawa, wato kilomita tamanin da 'yan kai, ba tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

Batun mikati ya fi wannan tsauri. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a awa yana shafe kilomita 14 a minti guda, don haka wanda ya tsaya neman harami a jaka bayan an yi sanarwa, tuni ya wuce. Akwai malaman da suka yi rangwamen ɗaura harami a Jidda, amma mafi yawa ba su ɗauke ta mikati ga mai zuwa daga nesa ba, kuma a ganina bin nasu ya fi kuɓutarwa: a yi wanka a sa tufafin harami tun daga Kano, a bar niyya da talbiyya sai an kusa daidai da mikati.

Wanda zai fara da Madina wannan bai shafe shi ba. Nasa mikatin Zul Hulaifa ne, ranar da ya kama hanyar Makka.