Wa Ya Aiko Mata Wasiƙar Nan?

Ga budurwa tsaye a bakin taga, ta riƙe takarda da hannu biyu, ta sunkuyar da kai. Ba murmushi, ba hawaye. Johannes Vermeer, mai zanen nan na garin Delft a ƙasar Holan, shi ya zana ta wajajen 1657 zuwa 1659, bai kuwa bari mun karanta ko harafi ɗaya ba. To, me aka rubuto mata?

Wani zai ce saƙon rasuwa ne. Anya? Dubi rigarta mai ruwan ɗorawa, dubi gashin da aka gyara tsaf. Wani ya ce takardar bashi ce. Ina! Ga darduma mai tsada shimfiɗe a kan tebur, ga 'ya'yan itatuwa har sun zubo daga faranti, mai gidan nan ba ya wasan ɓuya da masu bin bashi. Saura bangon da ke bayanta, wayam a dā, wanda ya sa masu kallo suka daɗe suna cewa kaɗaici ne ya ishe ta. Ashe bangon ne maƙaryacin.

A 1979 aka haska zanen da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Sai ga wani hoto kwance ƙarƙashin fenti! Masana suka ce ai Vermeer ne ya shafe abinsa. Aka rufe maganar. Har kusan shekara arba'in.

Da aka fara gyaran zanen a birnin Dresden na Jamus a 2017, sai aka tarar da datti tsakanin fentin asali da na sama. Datti kuwa ba ya taruwa dare ɗaya. Ke nan wani hannu ne ya yi shafen, shekaru da dama bayan zanen ya bushe. Aka shiga kankara da 'yar wuƙa, kaɗan-kaɗan. Sai 2021 aka nuna wa duniya hoton gaba ɗayansa.

Kupid ne, yaron nan mai riƙe da baka, wanda Rumawan dā suka mayar alamar soyayya. Hotonsa ya kusa cinye bangon. Ƙafarsa na kan abin rufe fuska da ke yashe a ƙasa, wato so na gaskiya ya tattake yaudara. Da shi Vermeer ya raɗa mana abin da takardar ta ƙunsa: masoyi ne ya rubuto, kuma ba mayaudari ba. Shirun da muka ɗauka na baƙin ciki ne, na wadda ba ta son kalma ɗaya ta wuce ta ne.

Akwai masu cewa farin bangon ya fi kyau. Ni dai ina bayan Vermeer, don shi ke da zanensa.